Yadda ake fatsa a Kogin Lee na Landan ba tare da an taka doka ba

Duk wanda ya zauna a arewacin Landan, wajajen Tottenham, Edmonton ko Enfield, ya san wani ruwa miƙaƙƙe wanda dogayen jirage suke kwana a gefensa. Kogin Lee ke nan, sai dai hannun mutum ya taɓa shi ƙwarai. Bayan dokar da majalisar Birtaniya ta yi a 1767, bisa shawarar injiniya John Smeaton, aka yanke masa lanƙwashe-lanƙwashe, aka haƙa sababbin hanyoyi, aka gina ƙofofin da ke ɗaga jirgi su sauke shi, har ya zama hanyar dakon kaya mai tsawon kimanin kilomita 45 daga garin Hertford zuwa Kogin Thames. Dawakai ne ke jan jiragen a wancan zamani, shi ya sa aka bar hanya a gaɓa, kuma a kanta za ka zauna da sandarka.

Na rubuta wannan ne domin ɗan'uwan da ya yi fatsa yana yaro a kududdufi ko a bakin dam, ya zo Ingila karatu ko aiki, ya ga ruwa hannunsa ya soma ƙaiƙayi. Fatsar da ake yi a nan ta nishaɗi ce. Kifayen ruwan daɗi ake kamawa, ban da salmon da dangoginsa masu tasu dokar daban, a duba su, a mayar da su ruwa da ransu.

Takardu kafin sanda

Izini biyu kake buƙata, kuma ɗaya ba ya isar wa ɗaya. Na farko lasisin sanda ne na hukumar muhalli ta Ingila, ana sayensa a shafin gwamnati na intanet. Akwai na kwana 1, na kwana 8 da na wata 12. Na shekara bai kai fam 40 ba, na yini bai kai fam 10 ba. Yaron da bai kai shekara 13 ba ba ya buƙata, ɗan 13 zuwa 16 kuwa kyauta ne amma dole a yi masa rajista. Wanda aka kama babu lasisi ana iya cin sa tarar da ta kai fam 2,500, kuma jami'ai suna zagayawa da gaske.

Na biyu izinin mai wurin ne. Tun 2012 ƙungiyar Canal & River Trust ce ke kula da wannan hanyar ruwa, kuma takan ba ƙungiyoyin masu fatsa hayar gaɓa yanki-yanki. Nemi allon da aka kafa a bakin ruwa, zai gaya maka ƙungiyar da ke riƙe da wurin da yadda ake sayen tikitin yini. In ba ka ga allo ba, tambayi mai shagon kayan fatsa mafi kusa. Su ne sarakunan ruwan unguwa, sun san wa ke da ina.

Sai maganar lokaci, wadda ke rikita baƙo. A kogunan Ingila an hana wannan fatsa daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni saboda kifi yana ƙwai, amma yawancin hanyoyin ruwan da aka haƙa a buɗe suke duk shekara. To, Lee rabi kogi ne rabi haƙa, sai aka raba gardama a ƙofar jirage da ake kira Aqueduct Lock, tsakanin Cheshunt da Broxbourne. Daga nan zuwa sama, wato Broxbourne, Ware da Hertford, hanin yana aiki. Daga nan zuwa ƙasa a kan hanyar jirage ana fatsa kowane wata. Amma tsohon kogin da ke zagayawa ta gefe da rafukan da ke shiga cikinsa kogi ne a idon doka, kada ka ruɗe da su.

Abin da muka saba da shi a gida da yawa laifi ne a nan. Babu birgi, babu kalli, babu gura, babu mamari da ake ɗanawa a tafi a dawo da safe. Ko sanda ɗaya ba a barin ƙugiyarta cikin ruwa a matsa. In lokacin Azahar ya yi za ka shimfiɗa darduma, fitar da zaren tukuna.

Kayan da za ka saya

Kada mai shago ya ɗora maka kayan fam ɗari biyar a ranar farko. Fara da sanda marar abin naɗe zare, mai tsawon mita 4, irin wadda ake zugewa ta koma gajeriya. Zare ake ɗaura mata a tsini, kamar dai gorar da ka sani. Nemi zare mai ɗaukar nauyin kilo 1.5 ko kusa da haka, da wani mafi siranta na wajen ƙugiya, domin in abu ya sarƙe a ƙasa ƙugiya kawai za ka rasa.

Ƙugiya lamba 18 ko 20 za ka saya, marar haƙori. Yawan lamba, ƙanƙantar ƙugiya: lamba 18 tsawonta bai kai santimita ɗaya ba. Na san ido zai raina ta. Amma kifin nan ya sha ganin ƙugiya, bakinsa kuma ƙarami ne, wadda ake kama tarwaɗa da ita sai dai ya kalle ta ya wuce.

Sai fulot, ɗan siririn abin da ke yawo a saman ruwa yana nuna cizo, wanda a gida guntun kara ko na silifas ke yi mana aikinsa. Mai ɗaukar giram 0.4 zuwa 0.5 ya isa. Sai ƙwayoyin nauyi masu tsaga da ake matsewa a jikin zare. Tun 1987 aka hana darma mai nauyi tsakanin giram 0.06 da 28.35, saboda manyan fararen agwagin kogi suna haɗiye ta su mutu, don haka kada ka taho da darma daga gida. Abin da shago ke sayarwa halastacce ne.

Abu huɗu ne ba a zuwa ruwa babu su: ma'aunin zurfi, wato ɗan nauyin da ake maƙalawa a ƙugiya, tsinken roba na cire ƙugiya daga maƙogwaron kifi, koma mai doguwar sanda wadda ragarta ba ta da ƙulli, don mai ƙulli haram ce a dokarsu, da 'yar tabarma mai laushi ta kwantar da babban kifi. Kujera ko bokiti mai murfi na zama, wannan kai da bayanka ne.

Koto mafi sauƙi tsutsar ƙuda ce. A shago ka ce magot, ana auna ta da kofin da bai kai lita ɗaya ba, kuma rabinsa ya ishe ka yini. Sayi ja da fara a haɗe. Ƙara da buhu ɗaya ƙarami na garin kwaɓi mai duhu (wanda ake jiƙawa a zuba a ruwa don kifi ya taru), burodi mai yanka-yanka, gwangwanin masara mai zaƙi, da tana in ka samu. Akwai naman gwangwani da Turawa ke yanka wa manyan kifaye, yawancinsa naman alade ne, kuma babu abin da zai kama maka wanda masara da tana ba za su kama ba.

Zaɓen wurin zama

Jirgin ƙasa daga tashar Liverpool Street yana bin kwarin Lee, yana tsayawa a Tottenham Hale, Ponders End, Enfield Lock, Cheshunt da Broxbourne, kuma daga kowace tasha ruwa tafiyar ƙafa ce. In ka isa, kada ka zauna a inda ka fara gani. Taka ka duba.

Fara da duba sama. Kwarin Lee cike yake da manyan turakun wutar lantarki, sandunan zamani kuwa na kabon ne, suna jan wuta, kuma ba sai sun taɓa waya ba wutar ke tsallakowa. Ƙa'ida ita ce ka nisanci waya da aƙalla mita 30. Ka kuma bar mita 25 tsakaninka da ƙofar jirage, ko gada mai buɗewa, ko wurin da jirage ke ɗibar ruwa.

Ruwan da aka miƙar duk kama ɗaya yake yi wa ido, don haka duk abin da ya karya wannan kamanni kifi yana son sa: bishiyar da ta sunkuyo kan ruwa, ciyawar gaɓa, ƙarƙashin gada, bakin matsayar jirage, inda rafi ke shigowa, da inda ruwa ya faɗaɗa don jirgi ya juya. Da sanyi kifaye kan taru a cikin gari inda jirage ke jere, suna fakewa daga tsuntsayen da ke cin su. Amma jirgin nan ɗakin kwanan wani ne. Kada ka zauna daf da tagarsa, kada ka watsa masa tsutsa a rufi.

Hanyar gaɓa kuma ba taka ba ce kai kaɗai. 'Yan keke suna wucewa a guje, masu karnuka suna sakinsu, kuma kare ba ya ganin buɗaɗɗen kwanon koto ya ƙyale. Jera kayanka a gefen ruwa, sanda a miƙe tare da gaɓa, ko da yaushe murfi a kan koto.

Auna ƙasa: nan aikin yake

Wanda ya tsallake wannan mataki, sa'a ce kawai zai nema. Ƙasan irin wannan ruwa matakala ne. A gabanka akwai tudu marar zurfi, daga shi sai gangara zuwa tsakiya inda jirage ke bi, wadda a wurare da yawa takan kai mita 1.5 zuwa 2, sannan wata gangara ta hau zuwa tudun ƙetare. Abinci yana gangarowa ya taru a gindin gangara, kifi yana bin layin nan yana kiwo. Gindin gangarar da ke kusa da kai shi kake nema, kuma sau da yawa bai wuce mita 3 ko 4 daga ƙafarka ba. Sabon shiga yakan wurga can tsakiya, kifi na kiwo a gabansa.

Haɗa kayanka haka. Ɗaura zare a tsinin sanda, tsawonsa ya gaza sandar da kamar taƙi biyu, don in ka ɗaga kifi ya zo daidai hannunka. Zura fulot, ɗaura siririn zaren mai ƙugiya a ƙasa. Matse yawancin ƙwayoyin nauyi wuri ɗaya, kamar santimita 45 sama da ƙugiya, sannan ƙanana biyu a tsakani. Yi ta ƙarawa kana gwadawa a ruwa har sai kan fulot kaɗai ya rage a waje, milimita 3 zuwa 5. In ya fito da yawa, kifi zai ji nauyi ya tofar da koto kafin ka ga komai.

Yanzu maƙala ma'aunin zurfi a ƙugiya, ka sauke shi a hankali, zare a tsaye ƙarƙashin tsinin sanda. In fulot ya nutse, ruwa ya fi yadda ka zata zurfi, sai ka tura shi sama. In ya tsaya can sama da ruwa, sauko da shi. Maimaita har ma'auni ya zauna a ƙasa, kan fulot kuma yana leƙowa. Sai ka gwada kusa da kai, ka gwada gaba kaɗan, hagu da dama. Za ka ga inda zurfi ke ƙaruwa da inda ya daina. Hannunka ma zai ba ka labari: ma'aunin da ya sauka da ƙwas ya sami tsakuwa, wanda ya lume ya yi wuyar ɗagowa ya sami laka, wanda ya fito da kore ya sami ciyawa. Tsakuwa ko laka mai tauri kake so. In ka sami wurin, sa alama a jikin sanda da ɗan selotif daidai inda fulot yake, don in zare ya tsinke ba sai ka sake auna ba. Minti goma a kan wannan ba asara ba ce.

Ciyarwa da jefa ƙugiya

Jiƙa garin kwaɓi da ruwan kogin kaɗan-kaɗan, kana juyawa da yatsu, har ya zama in ka dunƙula ya kama, in ka murza ya warwatse. Bar shi minti goma ya sha ruwa. A lokacin zafi, dunƙula biyu masu girman lemun tsami sun isa buɗe wuri. Sauke su a hankali daidai inda ka auna. Daga nan sai tsutsa shida zuwa goma duk bayan minti biyu ko uku, ko ana cizo ko ba a yi. Kamar mai watsa wa kaji tsaba ne: in ka juye kwano gaba ɗaya su ƙoshi su watse, in kana yafawa kaɗan-kaɗan suna nan a gabanka suna rige-rige.

Da yake Lee kogi ne, ruwansa yana tafiya ko da ido bai gani sosai ba. Jefa tsutsa ɗaya ka bi ta da kallo. In tana karkata dama, to ka riƙa watsawa ɗan hagu da fulot don ta sauka inda ƙugiya take.

Soke tsutsa ta ɓangarenta mai faɗi, fata kawai za ka ɗan kama, ta ci gaba da motsi. In ruwa ya fito daga jikinta ka ɓata ta, sake wata. Lilo zaren gaba a hankali ya kwanta a kan ruwa, ka bar fulot ya bi ruwa, kana ɗan riƙe shi lokaci-lokaci. Riƙewar nan tana ɗaga tsutsa daga ƙasa ta sake faɗuwa, kuma a nan cizo ya fi zuwa. In fulot ya nutse ko ya yi wani motsin da ba na ruwa ba, ɗaga wuyan hannu kawai. Fizga da ƙarfi tana yaga bakin kifi ko ta tsinke zare.

Ƙofofin jirage za su riƙa sauya maka ruwa. In an saki ƙofar da ke sama da kai, ruwa zai taho da ƙarfi na 'yan mintoci, wani lokaci ma ya buga ƙofar ƙasa ya ɗan komo baya. In jirgi ya taho, janye sanda da wuri, ka ɗaga wa mai tuƙi hannu. Bayan ya wuce ruwa zai gurɓace, abincin da ka zuba ya watse. Jira ya lafa, ka sake ƙaramar dunƙula ɗaya. Gurɓacewar ba ta da laifi, kifi ya fi sakin jiki a ruwa mai duhu. Wajajen Hackney da Broxbourne akwai 'yan wasan tuƙin kwalekwale, kuma su baya suke ba inda suka nufa, ba su ganin zarenka.

In awa ɗaya ta wuce shiru, sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ƙara zurfi da santimita 5 don koto ya kwanta, ko rage ya rataya, ko koma ƙugiya lamba 20, ko sauya launin tsutsa. In duk ba su yi ba, tashi ka matsa gaba.

Da sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ruwa yakan yi garau, kifi ya rage ci. Rage ciyarwa da rabi ko fiye. Lokacin burodi ke nan: niƙa 'yan yanka a bilenda, ka jefa dunƙula ɗaya ƙarama, ka huda ɗan ƙwaya daga yanka mai laushi ka sa a ƙugiya, kada ka ƙara abinci sai cizo ya tsaya. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, awar ƙarshe kuma ita ce mai albarka. Da zafi, sammako bayan Asuba ko yammaci sun fi tsakar rana, kafin jirage su tashi ko bayan sun kwanta.

Kifayen da za ka gamu da su

Wanda zai fi zuwa shi ne roc, farin kifi mai jan ido da jajayen fikafikai, cizonsa da sauri. Sai fac, kore mai baƙin zane a jiki, mai son tana da jar tsutsa, wanda ke jan fulot ya tafi da shi ba wasa. Yana da ƙaya a gadon baya da kaifi a murfin kunne. Wanda ya taɓa riƙe karfasa ya san yadda ake shafo ƙaya daga kai zuwa baya a kwantar da ita. Birim faffaɗa ne mai yauƙi, yana yawo garke-garke a ƙasa, yakan ɗago fulot sama kafin ya ja shi a hankali, kuma masara da tana yake so. Cob mai babban baki yana fakewa ƙarƙashin bishiyoyin ƙetare. Shi sai ka kai ga sayen sanda mai abin naɗe zare, mai tsawon mita 3.9, wadda za ta kai koto can.

Wata rana kana janyo ƙaramin roc wani abu zai fito kamar kibiya ya ɗauke shi. Faik ke nan, mai haƙora. Kada ka neme shi da gangan sai da waya a bakin zare, dogon hantsaki, da wanda ya iya riƙe shi a kusa da kai. In kuma fulot yana ta rawa yana ja kaɗan-kaɗan, ka ɗago ka tarar an cinye koto, ƙaguwar nan ce mai kama da jatan lande da aka shigo da ita daga Amurka, wadda ta cika Lee. Ɗaga koto santimita 10 daga ƙasa, ko ka bar wurin. Doka ta hana yin koto da ita, kuma ba a ɗana mata tarko sai da izini.

Cire ƙugiya da sakin kifi

Jiƙa hannu kafin ka taɓa kifi, kada ka riƙe shi da tawul, don yauƙin jikinsa ne kariyarsa daga cuta. Ƙarami ka lilo shi zuwa hannu. Wanda ya wuce tafin hannu, nutsar da koma cikin ruwa ka janyo shi kanta, kada ka bi shi da ita. In ƙugiya tana leɓe, juya ta ta fita. In ya haɗiye, ja zaren ya miƙe, sa shi cikin tsagar tsinken roba, zura tsinken har ya taɓa lanƙwasar ƙugiya, tura kaɗan, ka fito da su tare. In za ka yi hoto, durƙusa a kan tabarma, kada ka miƙe tsaye da shi. Sauke shi ruwa da hannu, babba kuma ka riƙe shi kansa yana fuskantar inda ruwa ke tahowa har ya buga wutsiya ya tafi da kansa.

Na san abin da zuciya ke raya wa mutum in ya riƙe birim mai kilo biyu. Dokar ƙasa ta ba da ɗan rangwame na 'yan ƙananan kifaye a koguna, amma a hanyoyin ruwa irin na jirage sai da rubutaccen izinin mai wuri, ƙungiyoyin da ke riƙe da gaɓa kuwa ba sa bayarwa. Kifin nan mai kama da maciji dole ne a sake shi ko a ina aka kama shi. Ban da doka ma, ruwan titi da na magudanai yana shiga ɓangaren Lee na ƙasa in an yi ruwan sama mai ƙarfi, har an sha ganin kifi ya mutu da yawa a lokacin zafi. Mai marmarin farfesu ya nufi kasuwar Ridley Road a Dalston, akwai karfasa da tarwaɗa.

Akwai ɓeraye a gaɓa, fitsarinsu kuma yana ɗauke da cuta mai kama hanta da ƙoda. Rufe duk wani ciwo da filasta, wanke hannu kafin ka ci abinci, kada ka ciji zare da haƙori. In zazzaɓi ya kama ka cikin makonnin da suka biyo baya, gaya wa likita ka yi hulɗa da ruwan kogi. Kafin ka tashi, tsince duk guntun zare ka yayyanka shi ka sa a aljihu, don yana sarƙe ƙafar tsuntsaye. A gida ka wanke koma da takalma, ka shanya su aƙalla awa 48 kafin ka kai su wani ruwa, saboda ƙwayoyin cuta da ciyawar da ke toshe kogi a jiƙaƙƙiyar raga suke ƙaura. Tsutsar da ta rage tana kwana huɗu ko biyar a wuri mai sanyi cikin kwano mai ƙananan huji, amma in firjin gida za ka sa ta, nemi izinin uwargida tukuna.